Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A watan jiya ina zaune kan benci a asibiti ina jiran layi ya zo kaina, sai wani dattijo ya zauna kusa da ni, yana riƙe da hannun wata yarinya wadda ba za ta wuce shekara 12 ba. Muka gaisa, muka taɓa hira, har ya gane ashe unguwarmu ɗaya, kuma abin da ya kawo ni shi ne ya kawo 'yarsa. Nan take fuskarsa ta sake. Ya matso, ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah don Annabi abin nan ya tsaya tsakaninmu. 'Ya mace ce. In maganar ta fita wa zai aure ta?" Na ce masa to, domin ban ga amfanin jan magana a gaban yarinyar ba. Amma tun daga ran nan zancen bai bar zuciyata ba, saboda abin da yake roƙo in taya shi yi, shi ne na yi wa kaina shekara shida cur har ya kusa kai ni kushewa. Sunansa da na 'yarsa suna nan a rufe yadda na yi alkawari. Nawa labarin kuwa nawa ne, don haka na ga ya kamata in buɗe shi a wannan fili, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Ciwon sukari ya same ni cikin 2011, ina da shekara 23, ina aikin akawu wurin wani attajirin goro a Sabon Ibadan. Da ƙishirwa abin ya soma. Sai in shanye moɗa biyu, kafin in ajiye moɗar maƙogwaro ya sake bushewa. Da dare in tashi fitsari sau biyar sau shida, da safe in tarar kiyashi sun yi dandazo a wurin. Ga ci kamar gara, amma kullum ramewa nake yi, har rigar da na ɗinka da Ƙaramar Salla ta koma kamar ta aro kafin Babbar Salla. Jama'a suka shiga faɗin albarkacin bakinsu. Wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce sammu ne, waɗansu kuma suka riƙa kallona a kaikaice suna zargin wani ciwo dabam. Na sha rubutu, na sha saiwoyi da sassaƙe iri-iri, ba abin da ya ragu sai ni. Ranar da amai ya sarƙe ni, numfashina ya riƙa fita da ƙarfi kamar na wanda ya yi gudu, sai aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti.

Bayan kwana uku ana yi mini ƙarin ruwa da allurai, na dawo cikin hayyacina, likita ya jawo kujera ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce akwai wata tsoka a kwance bayan tumbi, su suna kiranta fankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Tuwo da shinkafa da duk danginsu, in an ci sukan narke su zama sukari a cikin jini, insulin kuwa shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. In babu shi sai sukari ya taru cikin jini, ƙoda ta yi ta koro shi ta fitsari, daga nan ƙishirwar take. Jiki kuma, ganin yunwa na cinsa alhali ga abinci a ƙofa, sai ya koma ƙona kitsensa, abin da ke haifar da wata guba mai sa jini ya yi tsami. Ita ce ta kayar da ni.

Sa'an nan ya ce ciwon iri biyu ne. Wanda ya fi yawa, wanda aka sani ga manya, jikin mai shi yana yin insulin amma ba ya jin maganarsa sosai, don haka sau da yawa kiyaye abinci da haɗiyar ƙwayoyi sukan riƙe shi. Nawa kuwa shi ne irin da ya fi kama yara da samari, inda sojojin jiki da kansu suke kuskure su hallaka wurin da ke yin insulin ɗin. Shan zaƙi ba shi ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Babu ƙwayar da za ta maye gurbinsa, don in an haɗiyi insulin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa dole sai ta allura. Na ce, "Likita, har yaushe?" Ya dube ni ya ce, "Har iyakar rai." Ya ƙara da cewa in gode wa Allah da ban zo duniya da wuri ba, domin kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, duk wanda wannan iri ya kama kwanansa ƙidayayyu ne. Mutum na farko da aka yi wa allurar, cikin Janairun 1922, wani yaro ne ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, wanda ya tashi daga bakin kabari ya ƙara shekara 13 a duniya. Da na tambaya ko gaskiya ne daga jikin alade ake samo maganin, ya ce a da can daga shanu da aladu ake tatsowa, amma tun 1982 aka soma sayar da irin na mutum da ake haɗawa a ɗakin kimiyya, kuma shi ne wanda zai rubuta mini.

Na fito asibiti da kwalba da sirinji, da kuma ƙudurin cewa ban da mahaifiyata ba mahaluƙin da zai ji. Saurayi ne ni mai neman aure, ina gudun a ce mini musaki, ina gudun maigidana ya ga kamar ba zan iya aiki ba. Saboda haka banɗaki ya zama ɗakin allurata. In muna tare da abokai lokacin allura ya yi, sai in bar ta ta wuce don kada a tambaye ni ina za ni. In an miƙo lemon kwalba wurin biki in shanye, don kada a ce me ya hana. Cikin 2013 har na faɗa hannun wani mai magani a tasha, mai lasifika, wanda ya rantse cikin kwana bakwai zai raba ni da allura, da sharaɗin in daina ta tun daga ranar. Ban yi shawara da kowa ba, tun da ba wanda ya san akwai abin shawarar. A kwana na uku aka sake kwasata zuwa asibiti. Duk da haka da na fito na gaya wa mutane zazzaɓin taifot ne. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho, nawa hohon kuwa a hanyar gida yake jirana.

Cikin 2017 ne, na hau babbar mota daga Ibadan za ni Zariya. Mun wuce Ilori, rana ta yi ja, sai yaron mota ya sanar cewa saura kamar rabin sa'a mu isa Jebba, inda za a tsaya a yi salla a ci abinci. Irin allurar da nake yi a lokacin tana son a yi ta kimanin minti 30 kafin cin abinci. Na ga in na bari sai mun sauka ba lalle in sami maɓoya ba, don haka na lulluɓa da babbar rigata, na zuƙi maganin, na soka a ciki, ba wanda ya lura. Ba mu yi tafiyar minti goma ba muka cim ma jerin motoci a tsaye. Ashe wata tirela ce ta faɗi ta gicciye hanya, ga daji hagu da dama, ba gida gaba ba gida baya.

Na laluba aljihu, sai na tuna alewar da nakan riƙe tana cikin rigar da na tuɓe da safe. Mutumin da ke kusa da ni ya ɓare burodinsa ya miƙo mini ya ce, "Bisimilla, Malam." Jama'a, ku ji wauta: sai na ce masa, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Kunyar cin abin baƙo ta hana ni, ina ta fatar yanzu hanya za ta buɗe. Can sai gumi ya karyo mini alhali ana iska. Hannuna ya kama rawa, zuciya tana dukan uku-uku, ga wata irin yunwa mai yaƙushi. Na buɗe baki in ce a taimake ni da wani abu mai zaƙi, harshe ya yi nauyi, maganar ta fito a karkace kamar ta mashayi. Daga nan abin da na sani gutsure-gutsure ne, sauran daga baya aka ba ni labari. An ce na riƙa fizge-fizge ina ture mutane. Wani ya ce iska ce ta taɓa ni, ya kama yi mini karatu a kunne. Wani ya zazzage jakata don neman lambar 'yan'uwana, sai ga sirinji ya faɗo. Nan take motar ta ɗauka, "Ɗan ƙwaya ne!" Har akwai mai cewa a sauke ni a bakin hanya kada in jawo musu fitina.

Allah da ikonSa, a kujerar baya akwai wata tsohuwa Bayarabiya mai fataucin atamfa, wadda ta iya Hausa kamar jakar Kano. Ta ce a miƙo mata kwalbar da aka gani tare da sirinjin. Da ta haska ta da tocila ta ga ruwan nan fari-fari kamar tsinkakken nono, sai ta gane shi, domin jikanta irinsa yake yi. Ta ratso mutane ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗana, kana jina? Za ka iya haɗiya?" An ce na ɗaga kai. Ta buɗe lemon kwalba ta riƙa ba ni kurɓi-kurɓi. Kafin rubu'in sa'a duhun da ya rufe mini ido ya washe, na ga fuskoki sun kewaye ni, rigata sharkaf da gumi. Ta karɓi burodin nan da na ƙi ta sa ni na ci a gabanta. Sa'an nan ta ce, "Ɗana, me ya hana ka faɗa tun da wuri?" Na sunkuyar da kai na ce, "Iya, kunya." Ta ce, "Da ka mutu a motar nan, da sunan ɗan ƙwaya za a kai gawarka wurin uwarka. Wannan kunyar da waccan, wace ta fi?" Har muka isa Zariya ban sami amsar da zan ba ta ba, ban kuma sake ganinta ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Da na koma Ibadan, maigidana na fara gaya wa. Abin da na shekara shida ina tsoro bai ɗauki minti biyar ba. Ya ce, "Haba, kai kuwa! Shi ya sa nake ganin wani lokaci kana lissafi hannunka na rawa?" Ya sa aka ajiye kwalin sukari a cikin durowar shago. Daga nan na gaya wa abokai, da maƙwabta, da limamin unguwa. Na rubuta wata 'yar takarda da Hausa da Turanci da Yarabanci mai bayyana ciwona da abin da za a yi mini in an gan ni a rikice, tana cikin aljihuna har gobe. Tun daga lokacin ne zan ce na soma zama da ciwon nan zaman gaskiya.

Ga yadda yinina yake. Da asuba bayan salla in huda yatsa in ɗiga jini a na'urar awo. Abin da likita yake so in gani kafin cin abinci shi ne tsakanin 80 da 130. In ya yi ƙasa da 70 sukari ya faɗi ke nan, sai in sha ƙwaya uku ko huɗu na sukari, ko rabin kofi na lemo, in jira minti 15 in sake aunawa. In murza kwalbar a tafin hannu har ta gauraya, in yi allura, yau a ciki gobe a cinya, ina sauya wuri, domin in aka nace wa wuri ɗaya yakan yi ƙulli, magani ya daina shiga daidai. Tuwo bai haramta gare ni ba, haka shinkafa, sai dai malmalar jiya ita ce malmalar yau, kuma a lokacin jiya, saboda allurar da abincin tamkar ma'auni biyu ne na sikeli, in ɗaya ya rinjayi ɗaya ni ke shan wuya. Na yawaita wake da zogale da miyar ganye. Lemon kwalba ya tashi daga abin sha ya koma magani. In zan yi doguwar tafiya a ƙasa ko aikin ƙarfi in ƙara ɗan abin taɓawa, tun da motsa jiki yana saukar da sukari. In zazzaɓi ya kama ni, ko da ba na iya cin abinci, ba na yanke allura, sai dai in yawaita awo in nemi likita, don a irin wannan lokaci ne gubar nan take tasowa. Da dare in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ba na yawo ba takalmi, ba na kuma miƙa ƙafata ga masu yankan farce na titi, saboda ɗan rauni ga mai sukari yana iya zama gyambon da zai ci ƙafa. Duk wata uku a yi mini awon da ke nuna yadda sukarin ya kasance a tsawon watannin, sau ɗaya a shekara kuma a duba ido da ƙoda.

Adana maganin shi ma aiki ne a ƙasar da wutar lantarki take zuwa kamar baƙuwa. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firiji, tsakanin digiri 2 da 8, amma in ta yi ƙanƙara ta mutu. Wadda aka buɗe takan yi kamar mako huɗu a ɗaki, muddin an kare ta daga rana da zafi. A da cikin ƙasan akwati nake cusa ta. Yanzu mai shagon da ke maƙwabtaka da ni, wanda firijinsa ba ya mutuwa, shi ke ajiye mini ta ajiya kyauta, abin da ba zai yiwu ba da bai sani ba. In na je gida kuwa, mahaifiyata takan sa ƙaramar tukunya cikin babba, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da ɗanyen ƙyalle, watau dabarar nan da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Na lura ta fi aiki a busasshiyar iskar Arewa fiye da laimar Kudu.

Kuɗi kuwa shi ne ƙashin bayan wahalar. Kwalba ɗaya tana ɗauke da awo 1,000, ni kuma ina shan kimanin 40 a yini, ka ga kwana 25 ta ƙare, ban da sirinji da tsinkayen awon jini. Tun da darajar naira ta faɗi cikin 2023 farashin ya yi tashin gwauron zabo, na kuwa ga mutane a layin asibiti suna rage allura don kwalba ta kai su ƙarshen wata, wanda yake daidai da sayen ajali a kan bashi. Waɗanda suka gano maganin nan sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinsa a kan dala ɗaya-ɗaya cikin 1923, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Ya kamata hukumominmu da masu hannu da shuni su dubi wannan. Amma yaya za a yi su duba, in mu masu ciwon kowa ya shige ɗaki ya kulle?

Abin da ya fi yi mini ciwo a rai shi ne azumi. A shekarun ɓoyo nakan ɗauka don kada a gan ni ina ci, sau da yawa kafin la'asar ina ganin bibbiyu. Da na bayyana, likita ya ce irin nawa yana cikin masu hatsari ƙwarai, shawararsa kada in yi. Na je wa malaminmu da zuciya a cunkushe. Ya ce, "Wanda Ya wajabta azumin Shi ne Ya yi wa majinyaci rangwame, kai wane ne da za ka mayar masa da kyautarSa?" Ya ce tun da ciwon ba mai warkewa ba ne, in riƙa ciyar da miskini a madadin kowace rana. Haka nake yi. Nakan ci abincina a cikin ɗaki don girmama watan, kowa kuma ya san dalili. Wanda likitansa ya yarje masa ya gwada, to ya riƙa awo da rana, huda yatsa ba ya karya azumi, in kuwa ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya sha ruwa nan take, ko da saura minti kaɗan a kira magariba.

Saura maganar aure, wadda ita ce damuwar dattijon nan. Ba zan yi masa ƙarya ba: gida ɗaya sun ji sun ce in yi haƙuri, abin ya kuwa sosa mini rai. A gida na biyu, tun kafin a kai gaisuwa na sa kawuna ya gaya wa mahaifinta komai. Ya nemi mako guda ya yi bincike, sa'an nan ya aiko cewa wanda ya faɗi wannan ba zai ɓoye wani abu ba. An ɗaura cikin 2018, yau muna da 'ya'ya biyu. Sau biyu sukarina yana faɗuwa ina barci, uwargida ce ta ji gumina ta tashe ni ta ba ni abin zaƙi. Da a ɓoye na aure ta, da ta ɗauka barci nake yi.

Don haka, Baba, in wannan takarda ta iso hannunka, ka gafarce ni in na yi kutse. 'Yarka za ta iya karatu, ta yi aure, ta haihu, in ana kula da ita yadda ya kamata. Ba na ce ka yi shela a kasuwa ba. Amma malaminta na boko da na Islamiyya, da maƙwabciyar da takan shiga gidanta, da ƙawar da suke tafiya makaranta tare, lalle su sani. A gaya musu in sun ga tana gumi tana rawar jiki, ko maganarta ta rikice, su ba ta abu mai zaƙi muddin tana iya haɗiya. In kuwa ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita a gefenta a gaggauta kai ta asibiti. Ni na dace da tsohuwa a kujerar baya, ba kuwa kowace mota ke ɗauke da irinta ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da abin yi, amin.